Ɓawon Kwakwa Tsakanin Murhu da Lambu

Kwakwa ba bishiyar ƙasar Hausa ba ce. Mahaifina bai taɓa ganin ta a tsaye ba sai da ya zama saurayi, lokacin da fataucin goro ya kai shi Kumasi, daga can kuma neman abinci ya gangara da shi bakin teku har ya yada zango a Aksim, cikin ƙasar Nzema, a yammacin Gana. Ni kuwa a ƙarƙashinta na buɗe ido. A ƙuruciyata, idan ka tsaya kusa da tsohuwar ganuwar nan da Turawan Fotugal suka gina a 1515 ka dubi yamma, wajen bakin kogin Ankobra, ba abin da idonka zai gani sai kawunan kwakwa suna kaɗawa har inda gani ya ƙare.

Wanda ya san kwakwa a kasuwar Kano ko ta Damagaram kaɗai, rabin labarinta ya sani. Abin da ake kai masa ƙwallo ne da aka riga aka feɗe. A bishiya tana lulluɓe da ɓawo mai kauri, duk zare da ɗan gari-gari mai laushi a tsakani, kuma wannan ɓawon shi kaɗai ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin kwakwar da ta ƙosa. A ƙarƙashinsa ne ƙoƙon nan mai tauri yake, sannan farin nama da ruwa. Manoman Nzema naman suke so. Matansu kan kankare shi su tatse su dafa mai, wasu kuma su shanya shi ya bushe a sayar wa masu injin matsa mai. Ɓawo da ƙoƙo kuwa a gona ake barin su tsibi-tsibi, kusa da turken ƙarfe mai tsini da ake soka kwakwar a kai a murɗe. Duk wanda yake so ya kwasa, in dai ya yi sallama ya nemi izini.

Mu mutanen zango ba mu da gonar kwakwa ko ɗaya. Ƙasa ta masu gari ce, mu baƙi ne ko da an haifi kakanninmu a wurin. Amma da abin da masu gona suka zubar muka yi girki, muka yi guga, muka kori sauro, muka kuma ci ganye.

Ɗebo ɓawo aikin yara ne. Bayan an tashi daga makarantar allo da hantsi, ko ranar Alhamis da ba karatu, sai mu ɗauki buhuna da kwanduna mu nufi gonaki. Busasshen ɓawo ba shi da nauyi, sai cika wuri, har yaro ƙarami kan ɗauko kayan da ya fi shi girma yana tafiya ba a ganin kansa. Abin da aka fi ja mana kunne a kai shi ne kada mu cusa hannu cikin tsohon tsibi. Sai an taɓa da sanda tukuna, domin kunama da maciji suna son ɗumin wurin. Idan tsibin ya fara ruɓewa kuma za ka tarar da manyan fararen tsutsotsi, 'ya'yan buzuzun nan mai ƙaho da ke huda zuciyar kwakwa. Shi ya sa masu gona ba sa jin haushin mu. Kwashewar da muke yi taimako ce gare su.

Mahaifiyata, Inna, waake take sayarwa, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Tun kafin asuba take hura wuta. Tana da tsarinta da ba ta saɓawa. Da zaren ɓawo take kunnawa, domin ko tartsatsi ya taɓa shi sai ya kama. Idan wuta ta tashi sai ta jefa ƙoƙo biyu ko uku, kada a wuce haka. Ɗanyen ƙoƙo, wanda ba a mai da shi gawayi ba, wutarsa mai faɗa ce, tana huci tana tartsatsi saboda man da ke cikinsa, kuma in aka cika shi yakan ci gindin tukunyar dalma. Da tukunya ta tafasa sai ta koma kan ɓawo, wanda ba ya yin harshe sosai, yana ci a hankali, shi ne daidai da wake mai son a bi shi da haƙuri. Laifinsa hayaƙi. Na tashi na ga idanun Inna kullum jajaye, kuma tarin da ya dame ta a ƙarshen rayuwarta ban raba shi da wannan rumfar girkin mai ƙaramar taga ba. Duk mai yabon girkin da, ya kamata ya tuna da ƙirjin matan da suka yi shi.

Wannan hayaƙin da ke cutar mai girki, shi ne kuma dukiyar masu ƙyafe kifi. Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan teku ke yin sanyi, masunta Fante kan cika kwale-kwalensu da ƙananan kifin nan da suke kira eban, sai bakin teku duka ya turnuƙe. Matan suna haɗa itace da ɓawon kwakwa, itacen ya gasa, ɓawon ya ba da hayaƙi mai sanyi da ke sa kifi ya yi ja mai sheƙi, ya kuma daɗe bai lalace ba har a kai shi Kumasi da Tamale. A ƙuruciyata murhun laka mai zagaye suke amfani da shi, ko ganga da aka yanke. Murhun Chorkor mai faranta hawa-hawa, wanda aka ƙirƙiro a 1969 tare da matan unguwar Chorkor a Akara da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai daga baya ya iso mana. Da ya iso ya rage cin itace, amma bai kori ɓawo ba.

Da magariba kuma, kowane gida a zango za ka ga an ajiye ɓawo guda a tsakar gida yana ci a hankali, an ɗora masa ɓawon lemo ko ganyen darbejiya. Maganin sauronmu ke nan. A ƙarƙashin wannan hayaƙin muka yi tilawar dare.

Gawayi kuwa sana'ar kakata ce, mahaifiyar Inna, wadda muke kira Iya. A zango aka haife ta, tana jin Nzema da Fante kamar Hausa, kuma a wurin ƙawayenta na cikin gari ta koyi aikin. Tana da tsohuwar ganga da aka hudahuda gindinta, a ɗora a kan duwatsu uku domin iska ta shiga ta ƙasa. Sai ta kunna wuta da 'yan ƙoƙuna kaɗan a ciki, in sun kama ta ƙara, in harshen wuta ya taso ta danne shi da wasu, a haka har ganga ta cika. Duk sirrin a hayaƙi yake. Da fari fari ne mai kauri, ruwa ne ke fita. Daga nan ya koma rawaya-rawaya mai yaji a ido. Idan ya sirance ya yi shuɗi-shuɗi, to lokaci ya yi, sai a sauke gangar daga kan duwatsu, a tara yashi a gindinta, a rufe baki, a liƙe da laka kada iska ta sami ko ƙofar allura. In ka yi gaggawar rufewa, ka sami ƙoƙo mai ɗanyen ciki da zai yi wa mai saye hayaƙi. In ka yi jinkiri, ka tarar da toka.

"Maigidana, zo ka duba mini hayaƙin nan, idona ya fara gajiya," haka take ce mini, irin kiran da kaka ke yi wa jikanta namiji. Ni kuma in tsaya in ce, "Iya, har yanzu da sauran fari." Washegari a buɗe. Buhu uku na ƙoƙo, in an yi sa'a, su ba da abin da bai wuce nauyin ɗaya ba. Takan ɗauki ɓalli ta karya, in cikin ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli, ta jefa shi a kan dutse ka ji ƙwal, sai ta yi hamdala. Ba ta taɓa yarda a kashe gawayi da ruwan teku ba. Ta ce gishiri na sa shi tartsatsi, yana kuma cin kurfoti.

Masu wanki da guga su ne manyan masu sayenta, domin gawayin ƙoƙo yana daɗewa a dutsen guga, tokarsa kaɗan ce, ba ta tashi ta ɓata farar riga ranar Juma'a. Sai masu tsire, waɗanda mutanen Gana ke kira cicinga, da masu shayi. Abu ɗaya ta hana mu da babbar murya, shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyin damina. Gawayin da ba ya hayaƙi shi ya fi yaudara, iskarsa ba ta da wari, mutum kan kwanta ne kawai ya ƙi tashi.

Baba shi ne ya kawo wata hanya dabam cikin gidan. Shi ɗan masu lambu ne, a bakin rafi ya tashi, cikin albasa da tumatir, kuma ko da goro ya zama sana'arsa hannunsa bai daina ƙaiƙayin ƙasa ba. Wani dattijo Banzeme ya ara masa fili a bayan zango. Filin yashi ne zalla. Aksim na cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a Gana, amma yashi ba ya riƙe amana. A watan Mayu da Yuni ruwa kan wanke duk takin da ka zuba ya tafi da shi ƙasa, a watan Janairu kuma ka yi ban-ruwa da safe, kafin azahar wurin ya bushe ƙayau. Mutumin da ya saba da baƙar ƙasar fadama, wannan fili ya isa ya sa shi kuka.

A gonar mai filin ya ga abin da ya buɗe masa ido. Ya lura inda aka jibge ɓawo a gindin ƙananan kwakwa, ƙasar wurin tana da danshi ko a tsakiyar rani, in ka tona kuma ka ga saiwoyi sun kutsa cikin zaren. Sai ya ɗauki abin ya haɗa da ilimin lambun da ya taho da shi daga gida. Yakan haƙa rami mai tsawo, zurfinsa ya kai gwiwa, ya jera ɓawo a ciki, cikinsu na kallon sama domin su tari ruwa. Ya zuba yashi da aka cakuɗa da kashin awaki da na kaji da ƙaiƙayin kifin da masu ƙyafe suka share, ya sake jera wani sahun, ya rufe, ya tayar da kunya a kai. Bayan shuka ta fito kuma sai ya kifa wasu ɓawon a saman ƙasa, bayansu na kallon rana, su hana ciyawa su kuma hana danshi gudu. Ɓawo kan sha ruwan da ya ninka nauyinsa sau da yawa, ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan, kuma ba ya saurin ruɓewa, rami ɗaya kan yi shekaru yana aiki.

Akwai sharuɗɗa biyu da ya riƙe. Ba ya binne sabon ɓawo. Sai ya bar shi a fili damina ta dake shi, jan ruwan nan mai ɗaci da gishirin da ke cikinsa su fita, in ba haka ba ƙananan shuke-shuke kan yi rawaya su tsaya cak. Na biyu, yakan ce ɓawo randa ce, ba rumbu ba, ruwa yake ajiyewa, abincin shuka kuwa sai ka kawo taki. Tokar murhun Inna ma ba ta zuwa juji. A bokiti ake tara masa, ya barbaɗa wa barkono da tumatir da gauta, domin tokar ɓawon kwakwa tana da sinadarin da ke sa shuka yin 'ya'ya, wanda masana ke kira fotash. Ƙoƙunan da suka rabe biyu daidai kuma, ya huda idon da ke gindinsu ya yi renon iri a ciki. Waɗanda ba a buƙata dole a kife su. In ya ga ƙoƙo a buɗe ya tari ruwan sama, ranar sai an ji muryarsa, domin a irin wannan ɗan ruwan ne sauro ke ƙyanƙyasa.

Daga wannan yashin muka ci alayyafo da kuɓewa da lalo da yakuwa, har aka riƙa sayarwa.

Shekarar 1983 ce ta sa murhu da lambu suka yi karo. Duk wanda ya yi wayo a Gana lokacin bai manta ba. Ruwa ya ƙi zuwa, hunturu ya daɗe har bakin teku, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na rogo da na ayaba. A watan Janairu kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida cikin 'yan makonni, a ƙasar da ba ta iya ciyar da waɗanda ke cikinta ba. Kananzir ya ɓace, sabulu ya ɓace, ashana ma sai wane da wane. Da asuba za ka ga yara na yawo gida-gida da guntun ɓawo a hannu ana ɗebo wuta, domin ɓawo in ya kama yakan riƙe garwashi tsawon dare in an rufe shi da toka. Nan da nan abin da ake roƙon mu mu kwashe ya yi daraja. Masu ƙyafe kifi na nema, masu tuya na nema, gonakin kusa duk aka share su, sai mun yi tafiya mai nisa kafin mu cika buhu.

Wata safiya Inna ta fito ta tarar Baba ya ɗebi rabin abin da muka kawo zai kai lambu. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk gidan ya ji.

"Malam, yashi za ka ciyar, yara na kallo? Wannan na girkin kwana uku ne."

Baba ya ajiye buhun. Ya ce, "Na sani. Wanda kika ƙona yau ya tafi ke nan. Wanda na binne kuwa zai ba mu miya har baɗi. Ki yi haƙuri ki bar mini ko kaɗan ne."

Iya ce ta raba gardamar, daga inda take zaune a kan tabarma. Ta ce ƙoƙo duka na wuta ne, kada a kai ko ɗaya lambu a bana. Busasshen ɓawo mai kyau na Inna ne. Wanda ya sha ruwa ya fara baƙi, wanda ko an sa shi a murhu hayaƙi kawai zai yi, shi ne na Malam. Toka kuma ta koma lambu kamar kullum. Da na girma na fahimci cewa hukuncin nata ya fi ƙarfin sulhu, domin tsohon ɓawon da murhu ba ya so shi ne ainihin wanda ƙasa ke so. A wannan shekarar rijiyar lambu ta ja baya sosai, guga kan fito da rabi laka. Kunyoyin da ke da ɓawo a ƙasa suka rayu da ban-ruwa ɗaya a yini. Lalo da kuɓewar da suka fito daga cikinsu su suka riƙa jan ɗan tuwon da ake samu, kuma maƙwabta da yawa sun shigo da kwano sun fita da ganye.

Akwai wata masifar da ke tafe a hankali tun kafin wannan. Cutar da ke kashe kwakwa, wadda aka fara gani a 1932 a yankin Keta, a wurin da ake kira Cape St. Paul har ta ɗauki sunan wurin, ta ɓulla a yammacin ƙasar a 1964 a Cape Three Points, gabas da mu kaɗan. Alamarta ba ta ɓuya. 'Ya'yan su zube tun ba su ƙosa ba, furen ya yi baƙi, ganye ya yi rawaya daga ƙasa zuwa sama, cikin 'yan watanni kan ya faɗo. Na bi hanyar Takoradi bayan na bar gida na ga gonakin da na sani a cike sun koma kututture tsaye kamar turakun wayar lantarki, ba ganye ko ɗaya. Ana lissafin asarar da mai da kuɗin manoma, kuma gaskiya ne. Amma ban ji ana lissafin irin su Iya da Inna ba, waɗanda ba su mallaki bishiya ko ɗaya ba, amma murhunsu da sana'arsu a kanta suke. Inda kwakwa ta mutu, masu ƙyafe kifi sun ƙara juyawa ga itatuwan bakin ruwa, inda kifi da kaguwa ke hayayyafa. Daga baya masu bincike sun fito da irin da aka haɗa daga gajeriyar kwakwar Siri Lanka da doguwar Vanuatu, mai jure cutar, aka fara sake dasawa.

Sai da na yi karatu na yi yawo na gane cewa abin da muke yi a bayan zango, wasu ƙasashe sun gina masana'antu a kansa. A Kerala ta Indiya, a garin Alappuzha, tun 1859 aka kafa masana'antar saƙa zaren ɓawo, ana yin igiya da tabarmar ƙofa da katifa. Garin nan mai laushi da ke zuba in an tsefe zaren, wanda da can su ma juji suke kai shi, yanzu Indiya da Siri Lanka na wanke shi su matse shi kamar bulo su sayar wa manoman gidan gilashi a Holan da sauran ƙasashe, a shuka tumatir a cikinsa ba tare da ƙasa ba. Binne ɓawo a rami tsakanin bishiyoyi kuwa, irin na Baba, shawara ce da malaman gona ke bai wa manoma a can. Gawayin ƙoƙo kuma, in an ƙara gasa shi da tururi mai tsananin zafi, yakan zama abin tace ruwan sha, kuma da shi manyan ma'adinai ke kamo zinariya daga cikin ruwan magani, har da na Tarkwa da ba ta da nisa da garinmu. Yawancinsa daga Asiya jirage ke kawo shi. Wannan yana ci mini rai har yau, ba don na ƙi masu yin sa ba, sai don na san matar da ta iya karanta hayaƙin ganga da ido, ba wanda ya taɓa tambayar ta.

Yanzu manyan motoci ne ke lodin busasshiyar kwakwa daga ƙasar Nzema, musamman wajen Half Assini, su bi ta Togo da Binin su shiga Nijeriya, wasu har Arewa. Feɗaɗɗiya ake lodawa, saboda ɓawo cin wuri gare shi. Ke nan ɓawon da ke riƙe ruwa yana zama a inda ruwa ya yi yawa, ƙasar da ke fama da ƙishi kuma ƙoƙo kaɗai ke isa gare ta. Shi ma ƙoƙon, masu kwakumeti da masu kunun aya da masu yanka kwakwa a baro suna fasawa ne su watsar a kwata, a garuruwan da buhun gawayi ke ƙara tsada kullum, ana kuma sare dazuzzuka domin sa.

A unguwar da nake zaune na yi magana da mata uku masu kwakumeti, suna tara mini ƙoƙo a buhu, ina biyan su ɗan abin da ya sawwaƙa. Na sami ganga na hudahuda gindinta. Yaran maƙwabta kan taru in na kunna, ina nuna musu yadda farin hayaƙi ke komawa shuɗi, kuma babban cikinsu ya fara rufe gangar da kansa. Mai shayin bakin titi ya gwada gawayin, ya aiko a tambaye ni ko zan iya ba shi kowane mako. Abin da matan uku ke tarawa bai kai ba, don haka ina neman wanda zai haɗa ni da masu sauke kwakwa a babbar kasuwa.